Ajiyar Rana a Tsibirin Hiiumaa

A tsibirinmu rana ba ta fitowa a Disamba, leƙe take yi
kamar wanda ake bi bashi:
ta ɗago kai ta bayan itatuwan gaɓa,
ta hango ni tsaye ina jira,
kafin shayina ya huce ta sulale.

Shekara talatin ina gyaran wayoyin jirgin fito,
ni Endel, mutumin Kärdla.
Na ajiye aiki, hannu ya ƙi ajiyuwa.
Sai na ƙera sikeli a ƙarƙashin amya ta uku,
ya auna ta sau huɗu a yini,
ya turo mini lamba har teburin kicin.
Cimarsa batir guda, tsawon yatsana.
Cimar batir farantin sola, faɗin tafi biyu,
na kafe shi da kusa a jikin shinge.

A Yuni ba a magana.
Rana kusan a waje take kwana,
mita na cewa huɗu da ɗigo biyu, ƙoshi har wuya.
Na yi ta yabon kaina a gaban maƙwabta.
Ashe ba gwaninta ba ce, araha ce.

Oktoba ta tona ni.
Batir ya kwanta da nauyinsa, ya wayi gari ya rame.
Na zargi ɓera, na zargi laima,
na sake ɗalma a wuraren da ba su yi laifi ba.
Sai Tuuli jikata ta zo hutu daga Tallinn,
ta fita cikin dare, tocila a haƙori,
ta ratsa mita tsakanin waya da waya.
“Kaka, zo ka ga ɓarawonka.
Farantin ne.
Abin da ya bayar da rana
shi yake tsotsewa in duhu ya yi.”

Na san mutane masu irin wannan kyauta.
Ban san gilashi ma ya iya ba.

Muka sa diyod, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa,
ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya.
Yana cire la'adarsa a duk abin da ya wuce,
amma gara ɗan sallama da sata.

Sannan sanyi ya sauka da gaske.
Irin wannan batir, in ruwa ya daskare a bokiti,
ba a yi masa ɗura;
ka tilasta masa ci, ka illata shi daga ciki.
Na saci safar hannun Aime, ta ulu, ja,
na cusa shi ciki kamar jinjiri.
Banza.
Ulu tsare ɗumi yake yi, ba ya haifar sa.
Kwana tara teburin kicin shiru.

Ran na goma na je share ƙanƙara daga murfin amya,
na ga tsakiyarsa ta narke, da'ira kamar gindin kofi.
Na ɗora tafina. Ɗumi.
Suna can ciki a dunƙule, dubbai,
suna kaɗa jiki, suna ƙona zumar Yuli.

Na ɗaga murfi a hankali, na ba batir kwana a saman ɗakinsu.
Na miƙar da faranti tsaye, ya fuskanci kudu,
don ƙanƙara ta zame, don ya tari rana a ƙasa-ƙasa
inda take raɓewa.

Yau da hantsi lamba ta dawo.
Amya ta rage giram arba'in tun jiya.
Batir uku da ɗigo bakwai.
Su suna ɗumama abin da ke auna su,
shi yana gaya mini sauran kwana nawa abincinsu zai kai,
kowa na cin ranar da ya ɓoye,
da ɗan cokali.

Na rubuta a littafi, na ja layi.
Aime na bakin ƙofa da hannu ɗaya a aljihu,
tana tambaya ko wani ya ga safarta.